Raddi ga Masu Cewa Babu Shekarar Fim Kamar 1939

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a littattafan tarihin fim na Amurka har ta kusa zama abin da ba a neman hujjarsa, wato cewa a shekarar 1939 ne sana'ar fim ta kai ƙololuwarta, ba a yi irinta ba kafin nan, ba a kuma sake ba bayanta. Masu wannan ra'ayi sukan jero Gone with the Wind da The Wizard of Oz da Stagecoach da Mr. Smith Goes to Washington da Ninotchka da Wuthering Heights, sannan su ƙalubalanci mai musu ya kawo wata shekara da ta tara irin waɗannan. Ted Sennett ya rubuta littafi sukutum a kan haka a 1989, hukumar gidan waya ta Amurka kuma ta buga kan sarki huɗu a 1990 don tunawa da fina-finai huɗu na wannan shekara. Ba a musun cewa fina-finan nan suna da kyau, ko cewa Holiwud ta yi shekara mai albarka. Abin da ake musu shi ne tsallen da ake yi daga Holiwud zuwa duniya baki ɗaya, da kuma ɗaukar yawan kaya da yawan ciniki a matsayin shaidar inganci.

Hujjarsu ta farko ita ce yawa: sun ce ba a taɓa samun fina-finai nagari masu yawa haka a cikin wata goma sha biyu ba. Amsa ita ce yawan ya samo asali ne daga tsarin kasuwar wancan zamani. Manyan kamfanoni biyar, wato MGM da Paramount da Warner Bros. da 20th Century Fox da RKO, su ne ke shirya fim, su rarraba shi, su kuma nuna shi a gidajen sinima nasu na kansu, jarumai da marubuta da daraktoci kuwa ma'aikata ne da aka ɗaure da kwantiragin shekaru. Mai gidan sinima mai zaman kansa ba ya iya zaɓen fim ɗaya ya saya, sai dai ya ɗauki ƙunshi guda, nagari da na banza a haɗe, kamar mai sayen kwandon tumatir da ba a yarda ya duba ƙasansa ba. Kamfanin da ya tabbata duk abin da ya yi zai shiga kasuwa dole ya yi da yawa, kuma a cikin ɗaruruwan fina-finai ba abin mamaki ba ne a tsinci goma ko ashirin masu kyau. Gwamnatin Amurka ta riga ta kai waɗannan kamfanoni ƙara tun 1938, kotun ƙoli kuma ta rushe tsarin a 1948. Abin da 1939 ke nunawa, ke nan, shi ne ƙarfin masana'anta a daidai lokacin da ta cika ta batse.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Idan aka bi daraktocin da ake taƙama da su ɗaya bayan ɗaya, da wuya a sami wanda aikinsa mafi girma ya faɗo a 1939. John Ford ya fitar da fim uku a shekarar, kuma Stagecoach ya ɗaga darajar fim ɗin kaboyi daga abin kallon yara zuwa abin da manya ke ɗauka da muhimmanci. Wurin da kyamara ta zabura zuwa fuskar John Wayne yana tsaye a hanya da sirdi a hannu ɗaya da bindiga a ɗaya, har hoton ya ɗan dusashe kafin ya daidaita, ya isa ya mai da mutum tauraro. Amma masu nazarin Ford galibinsu The Searchers na 1956 suke ɗorawa a sama. Ernst Lubitsch ya yi The Shop Around the Corner a 1940 da To Be or Not to Be a 1942, kuma ba kowa zai yarda Ninotchka ya fi su ba. William Wyler, wanda ya yi Wuthering Heights, sai a 1946 ya yi The Best Years of Our Lives. Ko a cikin Holiwud ɗin ma, shekarar 1940 ta zo da The Grapes of Wrath da Rebecca da The Great Dictator da His Girl Friday, 1941 kuma ta zo da Citizen Kane da The Maltese Falcon, saboda haka iyakar da aka shata a ƙarshen Disambar 1939 ta kalanda ce kawai.

Hujja ta biyu ita ce kyautar Oscar: sun ce a duba fina-finai goma da suka yi takarar gwarzon fim a wannan shekara, a kuma duba kyaututtuka takwas da Gone with the Wind ya lashe a gasa. Wannan shaida ce da ba za ta karɓu ba, domin mai shaidar shi ne mai kayan. Ƙungiyar da ke ba da kyautar an kafa ta ne a 1927 bisa shawarar Louis B. Mayer, shugaban MGM, masu zaɓen kuma ma'aikatan masana'antar ne, kuma Hausawa sun riga sun faɗi matsayin yabon kai. Bayan haka, a lokacin babu rukunin fina-finan harsunan waje, wanda bai zama gasa ba sai daga fina-finan 1956, saboda haka jerin goman nan ba ya faɗin komai game da abin da aka yi a Faransa ko Japan ko Masar ko Indiya.

Hujja ta uku, wadda suka fi dogara da ita, ita ce karɓuwa wurin jama'a: sun ce fim biyu da suka fi kowane fim shiga zukatan Amurkawa duk 'yan 1939 ne. Gaskiya ne cewa Gone with the Wind, idan aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, har yanzu ana lissafa shi a matsayin fim ɗin da ya fi kowane ciniki. Sai dai an fara nuna shi ne a birnin Atlanta ranar 15 ga Disambar 1939, kwana goma sha shida kafin shekarar ta ƙare, kuma kuɗin da ake lissafawa an tara su ne daga 1940 zuwa gaba, tare da sake fitar da shi da aka yi ta yi a 1947 da 1954 da 1961 da 1967. Labarin The Wizard of Oz ya fi wannan karya hujjar, domin fim ɗin ya ci wa MGM kusan dala miliyan 2.8, bai kuma mayar da kuɗinsa ba a fitowar farko, sai bayan an sake fitar da shi a 1949. Abin da ya mai da shi fim ɗin kowane gida shi ne talabijin, tun daga lokacin da tashar CBS ta nuna shi a 1956, aka kuma shiga maimaita shi kusan duk shekara. Yaran da suka tashi da wannan kallo su ne suka girma suka zama marubutan tarihin fim. Ya kamata kuma a lura cewa Ted Turner ya sayi rumbun tsofaffin fina-finan MGM a 1986, fina-finan nan biyu suka koma hannunsa, kuma da ya buɗe tashar Turner Classic Movies a 1994, Gone with the Wind ne fim ɗin da aka fara haskawa. Wannan ba laifi ba ne, kasuwanci ne, amma mai neman asalin shaharar 1939 ba zai tsallake shi ba.

Hujjar launi, wato taƙama da kyan launin fina-finan nan biyu, ba ta buƙatar dogon bayani. Fasahar Technicolor mai ɗaukar launuka uku an yi cikakken fim da ita tun Becky Sharp a 1935, The Adventures of Robin Hood kuma ya riga ya nuna iyakar kyanta a 1938.

Saura batun Gone with the Wind kansa, wanda suke ɗauka a matsayin rawanin shekarar. A wajen gwaninta ba a raina shi ba: wurin da jarumar ke ratsa filin tashar jirgin ƙasa na Atlanta, kyamara tana ta ɗagawa sama har a ga sojoji raunana kwance birjik iyakar ganin ido, aiki ne na ƙwararru. Amma abin da kyamarar ta tsaya a kansa a ƙarshen wannan ɗagawa shi ne tutar 'yan tawayen Kudu, waɗanda suka yi yaƙi don ci gaba da riƙe bayi, kuma fim ɗin daga farko har ƙarshe makoki ne na rushewar wannan duniya, inda bayi ke fitowa a matsayin masu biyayya da jin daɗin halinsu. Idan an kawo wannan, masu ra'ayin sukan ce bai kamata a auna aikin jiya da ma'aunin yau ba. Amsa ita ce ma'aunin na jiyan ne. Walter White, shugaban ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP, ya rubuta wa furodusan fim ɗin, David O. Selznick, tun ana shirya shi, marubuci Carlton Moss kuma ya buga masa buɗaɗɗiyar wasiƙar suka a 1940. Hattie McDaniel, wadda ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar saboda rawar da ta taka a ciki, ba ta halarci bikin Atlanta ba saboda dokokin wariyar launin fata na jihar Jojiya, a daren ba da kyautar kuma, a Fabrairun 1940, an zaunar da ita a wani tebur daban da na abokan aikinta farare.

Duk waɗannan amsoshi a cikin gidan Holiwud aka ba da su. Babban gibin da ke cikin maganar shi ne abin da ta yi shiru a kansa. A Yulin 1939 aka fara nuna La Règle du jeu na Jean Renoir a Faris, 'yan kallo suka yi masa ihu, aka yanke shi, hukumomin Faransa suka hana nuna shi bayan ɓarkewar yaƙi bisa cewa yana karya gwiwar jama'a, asalin kwafinsa kuma ya halaka a ruwan bama-bamai na 1942, sai a 1959 aka harhaɗa shi aka nuna a bikin fina-finai na Venis. Labarin masu hannu da shuni ne da barorinsu a wani gidan ƙauye, suna ta soyayyar ɓoye da ƙarya alhali ƙasarsu tana bakin rami. A tsakiyarsa akwai farauta: barori sanye da fararen riguna suna bugun itatuwa da sanduna suna koro zomaye da tsuntsaye zuwa bakin bindigogin iyayen gidansu, harbi ya kaure, sannan kyamara ta tsaya a kan zomo ɗaya yana miƙe ƙafafu har ya daina motsi. Wata biyu kafin yaƙin duniya na biyu aka nuna wa Turawa wannan. Mujallar Sight and Sound ta Ingila, wadda ke tambayar masu sharhin fim na duniya ra'ayinsu duk shekara goma tun 1952, ta sami wannan fim a cikin goman farko a kowane zagaye har zuwa 2012, alhali a duk tsawon wannan lokaci babu fim ɗin Amurka na 1939 ko ɗaya da ya shiga goman masu sharhin. A shekarar ce kuma Kenji Mizoguchi ya yi Zangiku Monogatari a Japan, Kamal Salim kuma ya yi Al-Azima a Masar, labarin ɗan wanzami mai ilimi da ke neman aiki a wani lungun Alƙahira, wanda masu sharhin Masar suka sa a kan gaba a jerin fina-finansu ɗari a 1996.

Mai kaifin hankali a cikinsu zai ce wannan ai ƙarin ƙarfi ne ga 1939, tunda Renoir da Mizoguchi duk a cikinta suke. Wannan ita ce mafi kyawun maganarsu, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya faɗe ta ya riga ya bar da'awarsa ta farko, ya yarda cewa gasar ta duniya ce, kuma a wannan fage 1939 shekara ce ta ƙunci. Sinimar Jamus tana hannun Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ta Tarayyar Sobiyet tana hannun Stalin, ta Italiya tana ƙarƙashin Mussolini, bikin Cannes na farko da aka shirya buɗewa a Satumbar shekarar kuwa yaƙi ya hana shi sai 1946. Wani ɓangare na hasken Holiwud ma daga wannan duhun ya fito, domin Billy Wilder, ɗaya daga cikin marubutan Ninotchka, ya baro Jamus ne a 1933 da hawan Hitler. A Afirka kuwa dokar Laval ta 1934 ta hana ɗaukar fim a yankunan mulkin Faransa sai da izinin hukuma, a 1939 ɗin kuma Ingila ta kafa sashen fina-finan mulkin mallaka ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in lafiya a Legas, wanda aikinsa shi ne shirya irin abin da motar majigi ke kai wa talakawa.

A gwada wannan da 1954, wadda ta haɗa Seven Samurai na Kurosawa da Sansho Dayu na Mizoguchi da La Strada na Fellini da Rear Window na Hitchcock da On the Waterfront na Kazan, ko kuma 1957, inda Bergman shi kaɗai ya fitar da The Seventh Seal da Wild Strawberries daga Suwidin, Kurosawa ya yi Throne of Blood, Kalatozov ya yi The Cranes Are Flying a Sobiyet, Amurka ta ba da Paths of Glory da 12 Angry Men, Indiya kuma ta ba da Pyaasa na Guru Dutt da Mother India na Mehboob Khan. Ba ana nufin a tuɓe rawani daga wata shekara a naɗa wa wata ba ne, domin ita ma 1957 za a iya yi mata irin wannan bincike. Amma idan ma'aunin shi ne wanda masu ra'ayin suka zaɓa da kansu, wato daɗewa a zukatan 'yan kallo, to sai a tambaye su 'yan kallon ina, domin a gidajen sinimar Kano da Kaduna da Jos fim ɗin da aka shekara da shekaru ana komawa kallonsa shi ne Mother India, wanda ya yi takarar Oscar a rukunin harsunan waje a 1958, Nights of Cabiria na Fellini ya kayar da shi.