Matar Da Za Ta Ba Mijinta Ƙoda, A Yi Mata Adalci

'Yan'uwana mata masu zuwa awo, da mazajenmu da surukanmu, yau maganar ƙoda na kawo muku. Wata za ta ce ina ruwan mai ciki da dashen ƙoda? Da ruwanta. Hawan jini da ciwon suga suna kashe ƙodar magidanta da dama. Idan wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya fara cinye kuɗin raken Maƙarfi da Kudan ko na barkonon Ikara, aka zo neman wanda zai bayar, idon dangi yakan koma kan matar gida. Sau da yawa kuwa tana tsakiyar shekarun haihuwa.

Abin yana yiwuwa, kuma a ƙasar nan. An fara dashen ƙoda a asibitin St Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara nasa a 2002. Ba dole sai ɗan'uwa na jini ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1995 ya nuna cewa cikin kowace ƙoda 100 da miji ko mata ya ba abokin zamansa, 85 suna aiki bayan shekara uku. Sai dai a gwada jinin su biyun a ga ko ya dace, a kuma tabbatar mai bayarwa lafiyarta lau.

Ni a ganina taimako ne babba, amma sai in matar ce ta ce “na yarda” da bakinta, ita kaɗai a gaban likita, ba miji ba suruka a ɗakin. Kunya ba yarda ba ce. Tsoron saki ba yarda ba ne, haka ma gudun kada kishiya ta riga ta. Tana da damar fasawa har ranar da za a shiga tiyata. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana cinikin sassan jikin mutum, don haka kada a sa alkawarin gona ko kujerar Makka a cikin maganar.

Mai ciki ba ta bayar da ƙoda, wannan babu muhawara. Wadda ta bayar tana iya haihuwa bayan haka, amma likitoci kan ce ta jinkirta ɗaukar ciki kamar shekara guda, har ƙodar da ta rage ta saba da aikin biyu. Ko bayan nan ma sai an sa ido. Binciken da aka yi a Kanada, aka buga a 2015, ya gano hawan jini na masu ciki a kashi 11 cikin 100 na cikin matan da suka bayar, kashi 5 kuma ga waɗanda ba su bayar ba. Mafi yawansu sun sauka lafiya, amma ninki biyu ba wasa ba ne, domin hawan jinin nan shi ke kai mace ga jijjiga. Irin wannan mace ta fara awo da wuri, ta faɗa wa ungozoma tun ranar farko cewa ƙodarta ɗaya ce, a riƙa auna jini da fitsari, ta kuma haihu a asibiti.

Inda aka fi zaluntar mai bayarwa shi ne bayan sallama. Kowa na dubiyar maigida, ita kuwa ana ganin ai ba ta yi ciwo ba, sai a miƙa mata taɓarya. An yanka cikinta fa! Kwanaki kaɗan take yi a asibiti, amma mako shida ba daka, ba surfe, ba jan guga, ba ɗaukar jarkar ruwa, ba goyon yaro mai nauyi. Mun iya yi wa mai jego hidimar kwana arba'in; a yi wa wannan irinta, a samo ƙanwa ko gwaggo ta riƙe gidan. Ta riƙa ɗan takawa a tsakar gida, ta sha ruwa isasshe. Zazzaɓi, ko ruwa daga ɗinki, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko ƙarancin fitsari, a dawo da ita asibiti a ranar.

Hidimar jego na ce, ban ce kunun kanwa ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego. Mai ƙoda ɗaya ta rage gishiri da kanwa, ta guji jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Ko ta ji garau, ta je Shika ko asibitin da ya fi kusa da ita a auna mata jini da fitsari da aikin ƙoda, aƙalla sau ɗaya kowace shekara.