Kujerar Ciyaman da Albashin Malami

'Yan'uwa malamai da iyalanmu,

Cikin dukan hukumomin da tsarin mulkin Nijeriya ya kafa, babu wadda ta fi kusa da ajin firamare kamar majalisar ƙaramar hukuma. Daga kason da take samu a asusun tarayya ake cire albashin malaman firamare, kuma a harabar makarantunmu ake kafa da yawa daga cikin rumfunan da ake zaɓenta. Duk da haka, babu zaɓen da muka fi yi wa riƙon sakainar kashi kamar nata. Ranar zaɓen gwamna mukan yi sammako mu hau layi. Ranar zaɓen ciyaman da kansila kuwa, da yawanmu a gida muke wuni, domin kowa ya san sakamakon tun kafin a buɗe akwati. Ra'ayina shi ne, wannan halin ko-in-kula ya kai inda zai iya taɓa tukunyar gidajenmu, kuma tarihin zaɓen ƙananan hukumomin Jihar Kano ya ishe mu hujja.

Waiwaye adon tafiya. Kafin a san ciyaman, En'e ce ke riƙe da haraji da kotu da gidan yari da makarantun elemantare, ƙarƙashin sarki da majalisarsa, ba tare da talaka yana da bakin magana a kan wanda zai zauna a majalisar ba. Waɗanda suka fara ɗaga murya a kan haka malaman makaranta ne. A watan Agustan 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Dokokin Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. A cikin watan nan aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta, shi da ya riga ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ke nan, neman a bar jama'a su zaɓi masu gudanar da garinsu gado ne da magabatanmu a wannan sana'a suka bar mana.

Sai a 1976 aka sami tsari bai-ɗaya. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ƙananan hukumomi 301 a faɗin ƙasa, aka yi zaɓe ba tare da jam'iyyu ba a ƙarshen shekarar, kuma a wannan karon ne matan Arewa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a. A watan Satumban shekarar nan aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Ƙaramar hukuma ta zamani da makarantar firamare ta zamani tagwaye ne, kuma tun daga lokacin ciwon ɗaya yake kama ɗayar.

Abin da ya biyo baya yana da ban mamaki. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, gwamnonin farar hula a galibin jihohi ba su yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, sai naɗa kwamitocin riƙo suka yi ta yi. Sojoji, waɗanda ba a zaɓe su ba, su ne suka riƙa shirya zaɓen: a 1987 ba da jam'iyya ba, a 1990 tsakanin SDP da NRC inda masu zaɓe suka hau layi a bainar jama'a aka ƙidaya su, sannan a 1996 da 1997 zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da adadin ƙananan hukumomi ya kai 774, Kano ta sami 44. Na ƙarshe shi ne na 5 ga Disamban 1998, wanda hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta gudanar. PDP ta fi rinjaye, amma APP da AD sun sami nasu rabon. Duk aibin da za a iya jingina wa waɗancan zaɓuɓɓuka, a na 1990 da na 1998 an yi takara ta gaske, mutum kan kwanta bai san wa zai ci ba.

Tsarin mulkin 1999 ya zo da alkawari a hannun dama, ya karɓe shi da hagu. Sashe na 7 ya lamunce cewa zaɓaɓɓu ne za su gudanar da ƙananan hukumomi. Amma ya damƙa zaɓen a hannun hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta tabbatar. Sashe na 162 kuma ya tanadi asusun haɗin gwiwa da kuɗin ƙananan hukumomi ke bi ta cikinsa. Wanda ke naɗa alƙalin wasa, shi ne kuma ke riƙe da jakar kuɗi. Da wa'adin waɗanda aka zaɓa a 1998 ya cika a 2002, sai kantomomi suka maye gurbinsu, ba a sake zaɓe a yawancin jihohi ba sai a watan Maris na 2004.

Mu dubi zaɓuɓɓuka huɗu a jere a Kano. A watan Mayun 2014, zamanin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso yana APC, jam'iyyar ta lashe kujerun ciyaman 44 duka. A watan Fabrairun 2018, zamanin Dakta Abdullahi Umar Ganduje, APC ta sake kwashe 44, zaɓen da aka yi ta cece-kuce a kansa bisa zargin ƙananan yara sun jefa ƙuri'a. A watan Janairun 2021 APC ta maimaita, PDP ta ƙaurace. A 26 ga Oktoban 2024, zamanin Injiniya Abba Kabir Yusuf, NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, APC ta ƙaurace. Gwamnoni uku, jam'iyyu biyu, sakamako ɗaya. Wanda ya yi kukan zalunci jiya shi ne ya kwashe komai yau, wanda ya kwashe jiya shi ke kuka yau.

A ajiye wannan kusa da ƙuri'un da Kanawan nan suka jefa a zaɓen gwamna. A 2019 tazarar da ke tsakanin Ganduje da Abba ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba, alhali kowannensu ya haura miliyan ɗaya. A 2023 Abba ya sami 1,019,602, Dakta Nasiru Yusuf Gawuna ya sami 890,705. Jihar da ta rabu kusan gida biyu daidai, ta yaya za a ce cikin mazaɓu 484 babu ko ɗaya da ta karkata ga ɗaya ɓangaren? Ɗan aji shida da ya iya lissafin kaso zai ce da sake. Kuma cutar ba ta Kano kaɗai ba ce. A 2024 APC ta kwashe 27 na Jigawa da 23 na Kaduna, PDP ta kwashe 20 na Bauchi. Matsalar a jikin tsarin take, kowace jam'iyya ta same shi haka take amfani da shi.

Ƙofar takarar ma an ƙuntata ta. A 2024 hukumar zaɓe ta Kano ta fara sanar da naira miliyan 10 a matsayin kuɗin takardar takarar ciyaman, miliyan 5 na kansila. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, sai ya tara albashinsa na kusan shekara shida, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa kuɗin takardar kansila. Tsohon hedimasta da unguwa ta yarda da amanarsa ba shi da hanyar shiga sai ta hannun ubangida. Wanda kuwa ya shiga ta hannun ubangida, ubangidan zai yi wa biyayya. Ciyaman da sunansa ya fito daga Gidan Gwamnati ya san ba iyayen yara ne suka ɗora shi ba, ba kuma su za su sauke shi ba. Rufin ajin da iska ta yaye zai iya jira.

Shekaru da dama mun iya kawar da kai, domin albashinmu ana cire shi ne tun daga sama, ya bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, bai taɓa hannun ciyaman ba. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta sauya lissafi. A ƙarar da Antoni-Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, kotun ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa ta riƙo. Hukunci ne mai kyau a kan takarda. Amma duk ranar da ya gama aiki sosai, kuɗin da ake biyanmu da shi zai sauka a asusun da ciyaman ke sa wa hannu.

Mun taɓa ganin irin wannan. A 1988 aka kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa, albashi ya daidaita. A 1991 aka soke ta, aka miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar firamare gaba ɗaya. Malamai a sassa da dama na ƙasar nan suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya bi yajin aiki, har dole ta sa aka maido da hukumar a 1993. Manyanmu da suka koyar a lokacin ba su manta da littafin bashin mai shago ba. Shi ya sa uwar ƙungiyarmu ta daɗe tana cewa ba ta adawa da 'yancin ƙananan hukumomi, amma a tsame albashin malamai daga hannunsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Daga nan wasu 'yan'uwa suke cewa to a bar komai yadda yake: gwamna ya ci gaba da riƙe jaka, ya naɗa wanda ya so, mu dai mu ji ƙarar shigar albashi a ƙarshen wata. Tsoronsu yana da tushe, amma maganin ya gaza. Albashi ba shi ne kaɗai abin da makaranta ke bukata ba. Benci, alli, rijiya, makewayi, mai gadi da gyaran rufi duk ayyuka ne da ya kamata a same su a kusa, a wurin mutumin da hedimasta zai iya taka wa da ƙafa. A watan Yunin 2024 gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Wannan shaida ce cewa shekarun da aka yi ana tara iko da kuɗi a babban birnin jiha ba su hana ajujuwa lalacewa ba.

Wasu kuma suna cewa a mayar wa INEC zaɓen, shi ke nan an gama. Akwai hujja a gefensu. A Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, a watan Fabrairun 2022 PDP ta ci uku, APC ta ci uku. Amma a Abujan nan ne 'yan'uwanmu malaman firamare suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025, saboda zaɓaɓɓun shugabannin ba su aiwatar musu da sabon mafi ƙarancin albashi ba. Darasin a fili yake. Zaɓe na gaskiya yana ba mu wanda za mu iya tuhuma, doka ce kaɗai ke ba mu tabbacin albashi. Dole mu nemi biyun tare, kada a ba mu ɗaya a ce mu haƙura da ɗayan.

Saboda haka ina ba reshenmu shawarar ya tsaya a kan abubuwa huɗu. Na farko, a sa a doka cewa albashi da fanshon malaman firamare su ne farkon abin da za a cire daga kason ƙaramar hukuma, kafin kobo ya shiga hannun kowa. Na biyu, mu mara wa gyaran tsarin mulki baya domin a raba gwamna da ikon naɗa masu shirya zaɓen, ko dai a ba INEC, ko a sake fasalin hukumar jiha, tare da tilasta liƙa sakamakon kowace rumfa a jikin bangonta da sauƙaƙa kuɗin takara. Na uku, kafin kowane zaɓe reshe ya gayyaci duk masu takarar ciyaman da kansila, ko daga wace jam'iyya, su zauna gaban malamai da iyayen yara su faɗi abin da za su yi wa makarantun mazaɓarsu, a rubuta, a ajiye, a karanta musu bayan shekara. Ana wallafa kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu duk wata, don haka sakataren reshe ya riƙa kawo alƙaluman wurin taro.

Na huɗu ya shafi kowannenmu shi kaɗai. Duk malamin da aka ɗauka aikin zaɓe, kada ya sa hannu a takardar sakamakon da bai ƙidaya da idonsa ba. Mu ne ke korar yaro daga ɗakin jarrabawa idan ya yi satar amsa. Yaran nan suna leƙowa ta taga ranar zaɓe, suna ganin abin da ake yi a kan teburin malaminsu.

Ba kira nake yi a bi wata jam'iyya ba, domin reshenmu ya tara magoya bayan kowace, kuma tarihin nan bai wanke ko ɗaya ba. Kira nake mu duba katin zaɓenmu, mu da matanmu da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka kai shekara 18, mu fita ko da an ce an riga an gama. Rumfar da mutum ɗari biyar suka tsaya a gabanta har aka ƙirga ƙuri'a ta fi wuyar murɗewa a kan wadda ba kowa sai ma'aikata da awaki. Idan muka ci gaba da barin kujerar ciyaman ga duk wanda aka turo, ranar da albashinmu ya koma hannunsa ba mu da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya sa albarka a aikinmu.