Jingar murya

A watan Yulin 2025 masu sanya murya a wasannin bidiyo na Amurka suka amince da sabuwar yarjejeniya da manyan kamfanoni irin su Activision da Electronic Arts, bayan yajin aikin da suka shiga ranar 26 ga Yulin 2024, suka yi kusan wata goma sha ɗaya a ciki. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da tsadar taki ta hana mu barci? To, yaran da ke cika shagon gem a Ɗambatta da Bichi, in suka gaji da ƙwallo suka koma Call of Duty, ihun sojan nan da aka harbe wani bawan Allah ne ya tsaya gaban makirufo yana tsaga maƙogwaro har aka ce ya yi. Kuma muna da irinsa a Kano, sai dai namu fim ɗin Indiya yake fassarawa.

Duk wanda ya ci kasuwar ƙauye a wannan yanki ya san rumfar mai caji. Sola a kan rufi, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, tsohuwar kwamfuta a gefe, samari sun yi cincirindo da memori a hannu. "Tura min sabuwar fassara." A ba da ɗan canji, a tura. Da daddare, bayan an dawo daga gona an ci tuwo, wayar nan guda za ta tara mutum biyar a kan tabarma, wata kuma tana cikin gida wajen mata. Daga Minjibir har Kunchi da Tsanyawa, yaro ya san kamfanonin fassara irin su Algaita da Sultan, yana iya kwaikwayon muryar bos da dariyarsa. Ka tambaye shi sunan mai muryar, sai ya kalle ka.

Aikin kuwa ba wasa ba ne. Ɗaki ne ƙarami, bango liƙe da soso, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, ga zafin Kano. Mutum ɗaya sai ya zama jarumi, ya zama ubansa, ya zama ɗan sandan da ya zo kama shi. Dole maganarsa ta hau bakin ɗan Indiya, ta kuma ba Bahaushe dariya, domin rabin daɗin fassarar habaicin da mai muryar ya ƙago ne, wanda babu shi a ainihin fim ɗin. In aka zo wajen faɗa, ihu ne a maimaita a maimaita. Murya ta dushe, magani sai shayi da citta da kanumfari, daga aljihunsa.

Yawanci biyan jinga ne, irin wanda muka sani a gona: a yi tsada, ka yi noma, a sallame ka. Amma ɗan ƙwadago in ya gama huɗa ya karɓi kuɗinsa, gumin ya ƙare a wannan damina. Murya kuwa ana ta sayar da ita. Yau tana rumfar mai caji a Makoɗa, gobe tana Maraɗi, jibi tana YouTube tana tara talla, shekara biyar ana kallo, mai ita an sallame shi tun ranar farko. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta san da zamansa ba. An kai mafi ƙarancin albashin naira 70,000 a 2024, Kano ta sa 71,000, amma dokar ta ware masu aikin jinga, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da ƙwadagon noma na lokaci. Ke nan mai murya da manomin da ke sauraronsa duk a waje ɗaya aka bar su.

Ga abin da ya sa na kawo labarin Amurkawan. Ƙungiyarsu, SAG-AFTRA, ta fara yajin farko a Oktoban 2016, kwana 340. Sun nemi a riƙa ba su wani ƙari idan wasa ya yi kasuwa, a taƙaita zaman da ke cin maƙogwaro zuwa awa biyu, a kuma riƙa gaya musu irin aikin da za su yi kafin su karɓa. Ba su sami kason ciniki ba. An dai ba su ƙarin da ke farawa daga dala 75 ya kai 2,100 gwargwadon yawan zama. Yajin na biyu a kan ƙirƙirarriyar basira aka yi shi, na'urar da za ta saurari muryarka ta koye ta, ta riƙa magana da ita ba kai ba. A ƙarshe sun sami ƙarin albashi na sama da kashi 15 cikin ɗari nan take, da sharaɗin cewa ba a kwafar muryar mutum sai an sanar da shi ya yarda, kuma yana iya janye yardar a lokacin yajin aiki. Ba wayo suka fi namu ba, takarda ce da su, da baki ɗaya.

Kada wani ya ce na'urar ba ta jin Hausa. Tana koyo, kuma da muryoyin Hausawa take koyo. Sa'o'in fassarar da ke zube a intanet taska ce ga mai son koya mata. Ranar da ta iya, mai situdiyo da ke kukan tsadar fetur ba zai yi dogon tunani ba, kuma ni ba zan ga laifinsa sosai ba, shi ma masu turawa ne ke cin guminsa.

Akwai kuma ƙashin da ke maƙale a wuya, wanda 'yan harkar ba sa son a taɓo. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta tanadi haƙƙin mai wasa a kan aikinsa. Amma da yawa daga fina-finan da ake fassarawa ba a nemi izinin masu su ba. Da wane baki za ka je kotu neman haƙƙinka a kan kayan da aka ɗauko ba sallama? Wannan ne ya bar masu murya a tsakiya: 'yan Kannywood sun daɗe suna kallon fassara a matsayin kishiyar da ta kashe musu kasuwa, hukuma kuma ta fi kula da abin da aka faɗa a fim fiye da wanda ya faɗe shi.

Duk da haka ban ga abin da ya hana masu muryar haɗa kai ba. Ƙasar da mahauta ke da sarkin pawa, wanzamai ke da sarkin aska, ba baƙuwar tsarin sana'a ba ce. Doka mutum 50 take nema kafin a yi wa ƙungiyar ƙwadago rajista, kuma in aka haɗa masu fassara da masu wasan kwaikwayon rediyo da masu tallan murya, maza da mata, Kano kaɗai ta wuce haka. In rajistar ta yi nisa, su shiga ƙarƙashin ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN da reshensu na kansu. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa 'yan fim rajista, don haka tana iya ƙin karɓar duk aikin da bai zo da rubutacciyar yarjejeniya ba.

Abin da za a rubuta ɗin ma shafi guda ya isa. Nawa ne kuɗin fim, nawa ne ƙari idan mutum ya yi muryoyi da yawa ko aka ɗora aikin a YouTube, awa nawa za a yi ana ihu, da layi ɗaya da ke cewa ba a ba na'ura muryar nan sai da sa hannun mai ita. Sai sunayensu a ƙarshen fim, wanda ko kwabo ba zai ci wa mai situdiyo ba.