Gyaran Gidan Haya: A Yi Maganar Tun Rani

Duk shekara, da zarar hadarin farko ya taso a watan Afrilu, sai ƙorafi ya yi yawa a unguwanninmu, daga Kutunku zuwa Dagiri da Unguwar Dodo. Wannan iska ta ɗaye masa kwano, wancan silin ya jiƙe ya rufto kan yara, wani kuma sokawe ta cika ta malalo tsakar gida. Ɗan haya ya ce aikin mai gida ne, mai gida ya ce ai kuɗin hayan bara tuni ya ƙare. Mu a ganinmu, duka biyun sun makara. Lokacin wannan magana shi ne Janairu zuwa Maris, sa'ad da ƙasa ke bushe, kafinta na iya hawa rufi, siminti kuma ba zai sha ruwa kafin ya kama ba.

Gwagwalada ba Kano ba ce, ba Katsina ba. A nan damina na kaiwa wata shida zuwa bakwai, daga Afrilu har Oktoba, ga kogin Usuma ya ratsa garin. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2020, wadda ta ci gidaje da rayuka a yankin nan, ba ya buƙatar dogon bayani. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya koro jama'a da dama zuwa garuruwan gefe irin namu, ga ɗaliban Jami'ar Abuja da ma'aikatan asibitin koyarwa duk suna neman ɗaki. Sai aka yi ta tayar da ɗakuna cikin gaggawa, da bulo maras ƙwari da katakon da ba a shafa wa maganin gara ba. Irin wannan gini in ya shekara biyu ba a duba shi ba, to ana wasa da rai ne.

Ranar da za a biya kuɗin sabuwar shekara, ranar ce bakin ɗan haya ke da nauyi. Kafin kuɗi su bar hannu, a zagaya gidan tare da mai shi ko wakilinsa, a duba rufi da bango da wayar wuta, a rubuta abin da za a gyara, da wanda zai biya, da watan da za a gama. Rufi da bango da sokawe nauyin mai gida ne. Share lambatu da kwashe shara da ƙananan ɓarnar da muka yi da hannunmu namu ne. Muna jan kunnen 'yan uwa: kada wanda ya yi gyara da kuɗinsa ya cire daga haya ba tare da rubutacciyar yarda da rasit ba. A kotu ana iya lissafa masa shi a matsayin bashi.

Akwai kuma masu fakewa da gyara don korar mutum, su cire kwano ana tsakiyar damina su ce aiki ake. Dokar da ke aiki a Babban Birnin Tarayya ba ta yarda da haka ba. In babu wata yarjejeniya dabam, mai biyan shekara yana da notis na wata shida, mai biyan wata kuma na wata ɗaya, sannan a ƙara masa na kwana 7, kuma kotu kaɗai ke da ikon fitar da shi. Wannan haƙƙi bai san ɗan ƙasa ko baƙo ba.

Kada mu manta, da yawa cikin masu gidajen nan namu ne, wasu ma suna can Zariya ko Funtuwa, sai ejan ya aika musu kuɗi. Gare su muna cewa: a ware kuɗin wata ɗaya daga hayar kowace shekara, a bar shi don gyara. A watan Nuwamba a kira mai gyaran wuta ya duba wayoyi kafin hunturu ya shigo da gobararsa, a Fabrairu kuma kafinta ya hau ya sake ƙusoshi, ya canza raftar da gara ta ci.