Kalmomi biyar na duban aikin hannu



Da yawa cikinmu da bashin asusu muke sayen kaba da zare da ƙwarya, mu yi faifai ko tabarma ko hula mu kai kasuwa. Hannunmu ya iya, amma in mai saye ya ce "me ya sa wannan ya fi wancan tsada?", sai mu ce "ai ya fi kyau", magana ta ƙare. Daga nan shi ke yanka kuɗi, mu bi. Wadda ba ta iya faɗin abin da ke cikin aikinta ba, da wuya ta kare farashinsa. Ga kalmomi biyar da za mu riƙe.

Ta farko, layi. Akwai miƙaƙƙe, akwai lanƙwasasshe, akwai mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Mu dubi zanen ƙwarya: siririn layi ya fi mai kauri cin lokaci, don in wuƙa ta zame, aiki ya ɓaci.

Ta biyu, siffa. In layi ya zagayo ya haɗu da kansa, an samu siffa: da'ira, mai kusurwa uku, mai kusurwa huɗu. Wasu siffofin suna da sunansu tun kaka da kakanni, kamar dagi, da aska biyu da aska takwas na babbar riga.

Ta uku, launi. Cewa "ja" kaɗai bai isa ba. Jan karan dafi daban, ruwan goro daban. Shuɗin baba na marina ma akwai mai haske, akwai wanda ya turu har ya kusa baƙi. Baƙi kusa da fari ana hango shi daga nesa, amma tsanwa kusa da shuɗi sai an matso.

Ta huɗu, fili, wato wurin da aka bari babu ado. Ba lalaci ba ne. Filin ne ke sa adon ya fito. In aka cika faifai da zane tun daga cibiya har baki, ido ba ya samun wurin hutawa.

Ta biyar, daidaito. Wani aikin dama da hagu iri ɗaya ne, kamar tabarma mai ratsi. Wani kuwa ba haka ba: a babbar riga aikin ya fi yawa wajen aljihun hagu, amma zanen da ke ƙirjin dama yana riƙe shi, rigar ba ta rinjaya gefe guda ba.

Da waɗannan kalmomi ake duban kowane zane. Wadda ke Damagaram ta tsaya gaban tsofaffin gidajen unguwar Birni, ta nemi layi da siffa a adon bango. Wadda ta je Yamai ta shiga gidan tarihi na Boubou Hama, ko wajen masu sana'a na Wadata, ta tambayi kanta: ina fili, ina daidaito?

Amfaninsu ya fi fitowa yanzu da ake yi mana sautu ta waya. In aka ce "ki yi mini mai kyau", mu tambaya: launi nawa, wace siffa, fili da yawa ko kaɗan? In ba a tambaya ba, aka dawo mana da kaya, kuɗin kaba sun tafi, ranar biyan bashi kuwa ba ta jira.

A taro mai zuwa, bayan zubi, kowace ta zo da abu ɗaya na hannunta, ta rufe shi da zane, ta bayyana shi da kalmomin nan biyar. Sai a buɗe, a gani ko abin da muka ji shi ne muka gani. Magatakarda ta rubuta sunayen zane da tsofaffinmu suka sani, don ƴaƴanmu su gada.

Allah ya sa albarka a sana'armu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.