A Daidaita Mudun Maƙeran Keke

Jama'a, yau a kan keke za mu yi magana, dokin nan na talaka wanda ba ya cin dawa, ba ya neman harawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya cikin 2023, mutane da yawa da su ka jingine kekunansu sun koma sun kakkaɓe su, waɗansu kuwa sun shiga kasuwa sun sayo na gwanjo, irin waɗanda a ke kwasowa daga Turai da Japan. Da yawa cikin waɗannan masu giya ne, ga daɗin hawa, ga kyaun gani. Amma fa an ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar da sarƙa ta miƙe, ko haƙoran baya su ka cinye, ko libar giya ta karye, ran nan mai keke zai san abin da ya saya. Ya kai wa mai gyara, mai gyara ya ɗauko sabon ƙarfe ya gwada, sai ƙarfe ya ƙi ɗan'uwansa. Sabon ba shi da aibi, tsohon ma haka, abin dai shi ne maƙeransu daban, kowa kuwa da mudunsa ya yi awo.

Mu a ganinmu wannan hali bai dace ba, kuma ba tilas ne a zauna a kansa ba. Hujjarmu ta fari tana nan a jikin keken kansa, watau sarƙa.

Cikin 1880 wani injiniya mai suna Hans Renold ya ƙago irin sarƙar nan mai 'yan gangunan ƙarfe a birnin Manchesta ta Ingila. Cikin 1885 kuma John Kemp Starley ya fito da keken Rover, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya, shi ne kakan kekunan da mu ke hawa. A hankali maƙera su ka tsaya a kan awo guda, daga wannan gaɓa ta sarƙa zuwa waccan rabin inci, watau milimita 12.7. Har yau shi ne a keken mai kai itace kasuwa, shi ne kuma a keken gwanin tsere na Faransa. Kamfanin Shimano na Japan, duk girmansa, ya gwada fito da sarƙa mai milimita 10 cikin 1976 domin kekunan tsere, ba ta karɓu ba, aka bar ta. Haka kuma feda: kusan dukan manyan kekuna awon murɗinta ɗaya ne, ta hagu kuwa hagu a ke ɗaure ta, ko wa ya ƙera.

Albarkar wannan jituwa kowa ya gani. Baƙin keken nan mai birkin sanda, wanda masana'antun Indiya da Sin su ka kwaikwaya daga na Ingila, kayansa galibi suna shiga juna. Shi ya sa mai gyara a ƙauye, da sufana biyu da guduma, ya kan tashi keken da ya girme shi. Ko da ya ke tun a wancan zamani akwai masu ware kansu. Bututun nan na ƙasan firam, inda sandar feda ke juyawa cikin boris, yawancin maƙeran Ingila tsaga 24 su ke yi masa cikin kowane inci, amma Raleigh, a tsofaffin kekunansa na Ingila, 26 ya ke yi. Italiya da nata awo, Faransa ma ta daɗe da nata. Sai dai waɗannan kaɗan ne, mai gyara ya kan haddace su.

Giya ita ta kawo babbar rarraba. Bari mu bayyana yadda abin ya ke, domin mai karatu ya yi hukunci da kansa. A cibiyar ƙafar baya akwai farantai masu haƙora, jere daga ƙarami zuwa babba. Ƙarƙashinsu akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke tura sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan, bari mu kira shi maturi. Waya ce ke jan maturi, liba kuwa ita ke jan waya. A dā liba ba ta da daraja-daraja. Mahayi ya kan ja ta a hankali, yana saurara da kunne, har sarƙa ta zauna ta yi shiru. Saboda haka kusan kowace liba tana aiki da kowane maturi, hannun mahayi ne alƙali.

Cikin 1984 Shimano ya fito da liba mai ƙas-ƙas, kowace dannawa ta ja waya gwargwadon awo ƙayyadadde, sarƙa ta faɗa faranti na gaba ba tare da laluba ba. Lalle wannan ci gaba ne, ya sauƙaƙa hawa ga yaro da babba, sauran kamfanoni kuwa su ka bi. To amma daga ran nan abu uku ya zama wajibi su yi daidai: tsawon wayar da liba ke ja, da nisan da maturi ke gusawa bisa ga wannan ja, da ratar da ke tsakanin faranti da faranti. Nan kowane maƙeri ya yanka wa kansa mudu. Maturin Shimano na dā, in waya ta ja milimita 1, ya kan gusa kimanin 1.7. Na Campagnolo na Italiya kimanin 1.5. Na SRAM na Amurka, irin na hawan dutse, kimanin 1.1. Jerin farantai 9 na Shimano ratarsu milimita 4.35 ce, na Campagnolo kuwa 4.55. Wani zai ce, mene ne 0.2? To a lissafa. In aka daidaita a faranti na fari, kafin a kai na 9 an yi taki 8, kuskure ya taru ya kai milimita 1.6, fiye da sulusin ratar ke nan. Sai sarƙa ta yi ta ƙara, tana tsalle, tana cin haƙora, wata rana ta zame wa mutum a tsakiyar hawa da kaya a bayansa.

Abin bai tsaya nan ba. Da farantai su ka yi ta ƙaruwa daga 5 har 12 da 13, sai sarƙa ta yi ta sirancewa, kowane adadi da tasa. Gindin da a ke zura farantai a kansa shi ma ya rabu: SRAM ya fito da nasa cikin 2012, Shimano ya ƙara wani sabo cikin 2018. Tun daga 2009 kuma giya mai aiki da batir ta bazu cikin kekunan tsere, wadda libar wannan kamfani ba ta jin harshen maturin wancan ko kaɗan.

Ba za mu ƙi faɗin hujjar maƙera ba, don akwai gaskiya a cikinta. Sun ce in a ka ƙera liba da maturi da sarƙa da farantai tare, a ka gwada su tare, sun fi aiki lami lafiya. Sun kuma ce in a ka ɗaure su a kan awon jiya, ba za su iya ƙago na gobe ba. Misali, tsohon gindin farantai kauri gare shi, faranti mai haƙora 10 ba ya shiga, sai mai 11, don haka tilas a sāke shi in a na son ƙarami. Mun yarda da wannan.

Amma wace fasaha ce ta hana a daidaita jan waya? Babu wanda ya taɓa nuna cewa 4.35 ta fi 4.55 albarka. Akwai ciniki a cikin zancen, tarihi kuwa ya nuna. Cikin 1990 SRAM, yana ƙaramin kamfani mai sayar da liba, ya kai Shimano ƙara a Amurka, yana zargin a na yi wa masu harhaɗa kekuna rangwame in sun ɗauki kayan Shimano gaba ɗaya, abin da ke rufe wa mai sayar da ƙarfe guda ƙofa. A ka sasanta a wajen kotu cikin 1991. Har wa yau mun ga duk sa'ad da maƙera su ka so jituwa su kan iya. Farantai 11 na kekunan titi, ratar manyan kamfanonin nan uku ta yi kusa da juna har masu gyara kan musanya ƙafafun baya ba wata wahala. Ɗan ƙarfen da a ke rataye maturi a jikinsa, wanda iri-irinsa sun kai ɗaruruwa, cikin 2019 SRAM ya fito da guda ɗaya ya bar wa masu ƙera firam su yi amfani da shi, da yawa kuwa su ka karɓa. Cikin 2023 Shimano ya fito da jerin CUES, inda giya 9 da 10 da 11 ke tarayya a rata ɗaya da sarƙa ɗaya, ko da ya ke cikin gidansa kaɗai ya yi wannan sulhu. Abin lura kuma, ɗaya daga cikin waɗanda su ka kafa SRAM, F.K. Day, da ya kafa ƙungiyar World Bicycle Relief cikin 2005, keken da su ka shirya wa ƙauyukan Afirka an yi shi ne yadda zai karɓi kayan gyaran da ke kasuwannin wurin. Ashe maƙera sun san magani.

Kafin su ba da shi, ga abin da masu gyara su ka gano, ya kamata kowa ya sani. Sarƙa a zaɓe ta bisa ga yawan farantan baya, daga giya 6 zuwa 11 sunan kamfani bai cika damuwa ba. Liba da maturi su zama 'yan gida ɗaya, zamani ɗaya, sai fa in an tabbata jansu daidai ne. Farantan Shimano da na SRAM masu 8 da 9 da 10 suna maye gurbin juna. Akwai kuma 'yar gargarwa da a ke sa wa waya ta sāke yawan janta, don a haɗa libar wani da maturin wani. In duk an rasa, a koma wa liba marar ƙas-ƙas, ga araha, ga ƙarko, ba ta kuwa zaɓen abokin aiki. Wanda ke zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, nesa da mai kayan gyara, babu kunya ya cire maturi ya gajarta sarƙa ya zauna da giya ɗaya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kiranmu ga maƙera shi ne su yi tsere a kan ƙarko da sauƙin nauyi da araha, amma wurin da ƙarfe ke gamuwa da ƙarfe su bar shi na kowa, su kuma buga awonsu a fili. Mai hatsi ya kan yi fahariya da kyaun geronsa, amma mudun kasuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. In su ka ƙi, hukuma tana da misali a gabanta: Tarayyar Turai ta yi doka cikin 2022 cewa wayoyin hannu su yi tarayya a bakin caja ɗaya, ta fara aiki a ƙarshen 2024, ba mu kuwa ga sana'ar waya ta mutu ba.

A nan gida, muna roƙon hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, wadda a ka kafa cikin 1971, ta wajabta wa masu shigo da kayan keke su rubuta a jikin kwali ko na giya nawa ne, da irin libar da ya ke bi. Fataken da ke kawo kekunan gwanjo su riƙa haɗowa da kayan gyaransu, kada su sayar wa mutane doki ba linzami. Makarantun koyon sana'a su sa wannan awo cikin karatunsu. Kai kuwa mai saye, kafin ka miƙa kuɗinka, ƙirga farantan baya, ka tambayi mai gyaran unguwarku ko yana da irinsu. In ya girgiza kai, nemi wani keken.

Allah ya sa masu abin su ji, ya kuma kiyaye mahaya a kan hanya, amin.