Ka Iya AutoCAD, To Me Ya Sa Aljihunka Bai Shaida Ba?

Kwanakin baya wani ƙanena ya kira ni da dare, muryarsa duk a gajiye. Kwana huɗu ya yi yana zana wa wani mutum gida mai ɗaki uku da falo biyu a AutoCAD. Sau biyar mutumin yana canza ra'ayi: yau a matsar da kicin, gobe uwargida ta ce banɗaki ya yi kusa da falo, jibi a ƙara shago a gaba. Da ya gama ya tura fayil ɗin ta WhatsApp, sai ga alat na naira 15,000, tare da saƙon murya: "Ai kwamfuta ce ta yi aikin, kai dannawa kawai ka yi."

Wannan maganar ita ce tushen matsalar masu zane da kwamfuta a wajenmu. Kuma a ganina laifin ba na masu ba da aiki ba ne su kaɗai. Mu ma matasa muna da namu kason.

Ga wanda bai sani ba, kusan duk ginin zamani, ko injin, ko kujerar da aka ƙera a masana'anta, sai da wani ya fara zana shi da awo a kwamfuta. A da ana yi ne da allo da rula da fensir. Tun da kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da AutoCAD a 1982, aikin ya koma kan allon kwamfuta. Yau akwai Revit da SketchUp a ɓangaren gini, da SolidWorks a ɓangaren injuna. Manhaja ta sauƙaƙa jan layi, amma har yanzu mutum ne ke sanin inda layin zai tsaya.

Bari mu yi lissafin abin da ke bayan wannan "dannawa kawai". Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin din-din-din, sai dai haya. Hayar cikakkiyar AutoCAD ta shekara ɗaya tana kaiwa kusan dala 2,000. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, wannan ya kai wajen naira miliyan uku. A shekarar ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 a wata, wato 840,000 a shekara. Ka ga kenan kuɗin lasisin shekara ɗaya ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara uku. Ba mu yi maganar kwamfuta mai ƙarfin da za ta ɗauki Revit ba tare da ta riƙa sanƙarewa ba, ga data, ga man janareta tun bayan cire tallafi a 2023. Shi ya sa da yawa ke amfani da manhajar da aka fasa, wadda kan zo da ƙwayar cutar da za ta iya cinye aikin wata guda a dare ɗaya, kuma ba kamfanin kirki da zai so a yi masa aiki da ita.

Waɗanda ke aiki a ofis ma ba su tsira ba. Mai zane ne na ƙarshe a layi, don haka duk jinkirin da aka yi a sama a kansa yake ƙarewa. Za a kawo gyara da la'asar a ce gobe da safe ake so. Ido ya yi ja, baya ya riƙe, wuya ya sage, ba kuɗin ƙarin lokaci. Sannan in an buga zanen, sunansa ba ya ciki. Hatimin da hukumomi irin su KNUPDA a Kano ke nema kafin su amince da zanen gini na masu rajista ne: ARCON ga masana tsara gine-gine, COREN ga injiniyoyi. Mai hatimi ne ke ɗaukar alhaki in gini ya samu matsala, shi ne kuma ke ɗaukar kaso mai tsoka. Wannan ba zalunci ba ne a kan kansa. Zaluncin shi ne a bar yaro shekara biyar yana jan layi ba a koya masa komai ba, ba a kuma ƙara masa ko sisi ba.

Wani zai ce, "In na tsawwala kuɗi, wani zai karɓa a rabin farashina." Gaskiya ne, zai karɓa. Amma duk wanda ya shiga gasar araha ya sani akwai wanda ya fi shi yunwa. Wani kuma zai ce mafita ita ce Fiverr da Upwork, a ci dala. Akwai masu ci, ban musa ba. Sai dai Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin aikinka, kuma za ka tarar da dubban 'yan Indiya da Pakistan suna tallan irin aikin da kake tallatawa. In abin da ka iya bai wuce mayar da zanen hannu zuwa kwamfuta ba, a can ma araha za ka yi.

Don haka ga abin da nake ganin ya kamata matashi ya sa a gaba.

Na farko, ka san abin da kake zanawa. Ka je wajen gini, ka tsaya kusa da birkila da mai ɗaurin rodi, ka ga yadda layinka ke zama bulo da siminti. Mai zanen da ya san kaurin bango, da inda ruwan sama zai bi, da dalilin da ya sa ba a cire ginshiƙi don falo ya yi faɗi, shi ne wanda ba a iya maye gurbinsa da yaron da ya kalli bidiyo goma a YouTube.

Na biyu, in kana zaɓen wurin aiki a shekarun farko, kada albashi kaɗai ya ja ka. Ka tambaya: wa zai duba aikina ya gyara mini? Za a riƙa fita da ni wajen gini? Kwamfuta da lasisi na ofis ne ko nawa? Ina matsayin aikin dare? Ofishin da ya ba ka ƙasa kaɗan amma ya koya maka Revit da lissafin kayan gini ya fi wanda ya ƙara maka dubu goma ya mayar da kai injin kwafi. In kuma kana da halin ci gaba da karatu har ka kai ga rajista, kada ka yi wasa da shi.

Na uku, ka koyi ciniki kamar yadda ka koyi manhaja. Kafin ka buɗe kwamfuta, ku rubuta yarjejeniya ko da a WhatsApp ne: kuɗi nawa, gyara sau nawa ne kyauta, yaushe za a miƙa aiki. Ka karɓi kafin alƙalami. Ka fara tura PDF mai ɗauke da tambarinka, fayil ɗin DWG kuwa sai an cika kuɗi. Tela ba ya jin kunyar yin haka, kai ma kada ka ji.

Na huɗu, rashin kuɗin lasisi ba hujjar zama ba ce. Autodesk na ba ɗalibai lasisin koyo kyauta na shekara ɗaya, ana kuma sabuntawa muddin kana makaranta, sai dai ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba. FreeCAD da LibreCAD kyauta suke ga kowa. Ita ma wayar da ke hannunka tana buɗe fayil ɗin DWG, ka nuna wa mai aiki a wajen gini ba sai ka ɗauko kwamfuta ba.

Ku kuma masu ba da aiki, ku tuna kuskuren awo ɗaya a takarda na iya sa a rushe bangon da ya ci buhunan siminti. Araha ba ta ado.

Shi kuwa ƙanen nawa, mutumin ya sake dawowa bayan wata biyu yana son zanen bene. Wannan karon ya faɗa masa farashi, da rabin kuɗi a gaba, da gyara biyu kacal. Mutumin ya yi ƙorafi, ya yi shiru kwana uku, sannan ya turo kafin alƙalamin.